Yadda Za Ki Saci Ƙwan Gidanki Ki Kuma Je Coci Da Safe

"...to abin da nake tambaya ke nan, Maman Cletus. Suna ci ko ba sa ci? Suna ci. Suna kyarkyara ko ba sa yi? Suna yi, da kunnena nake ji. To ina ƙwan? Ni da na yi gadin siton kamfanin kuza har kaina ya yi fari, ko ƙusa ba ta taɓa ɓacewa ba, yau kaza ce za ta mai da ni sakarai a cikin gidana?"

Mijina ke nan, Da Pam, yau da safe a bakin akurki, nan Kabong, gefen Jos. A wurinmu dattijo "Da" ake ce masa, dattijuwa kuma "Ngo". In kin ji naki yana irin wannan magana, 'yar'uwa, ki gode wa Ubangiji. Aiki yana tafiya daidai.

Ƙwan yana cikin jikata Felicitas, wadda ta kwanta ciwo har muka fara cire rai. A gidanmu kuwa, kamar a naku, ba a ba yaro ƙwai, wai zai tashi ɓarawo. Saboda haka ki bi abin da zan faɗa miki ɗaya bayan ɗaya. Na yi miki alkawari, jikarki za ta ci ƙwai, mijinki ba zai sani ba, ke kuma ranar Lahadi za ki ɗaura farin ɗankwali ki zauna a bencin gaba. Ban yi makaranta ba sai ajin yaƙi da jahilci, amma wannan karatun ko a Ingila ba a koyar da shi.

1. Ki fara samun jika mai ƙiba

Wannan ba wuya. Ki jira matar ɗanki ta sake samun ciki, a yaye babbar a kawo miki. Haka Roseline, matar babban ɗana Cletus, ta kawo mini Felicitas daga Bukuru, yarinya tana gudu tana faɗuwa tana tashi.

Sai ki ba ta kunu. Da safe kunu, da rana kunu da ɗan rogo, da yamma kunu. Ki tsinka shi da ruwa sosai don kada ya yi wa cikinta nauyi. Kafin damina ta raba za ki ga albarka. Kumatu za su cika, ƙafa ta yi suntum, mata a bakin coci su riƙa cewa, "Kai, Ngo, hannunki da kyau! Me kike ba ta?" Ki sunkuyar da kai ki ce ikon Allah ne.

In gashinta ya koma ja kamar gemun masara, ki ce gadon dangin uwarta ne. In ta daina tafiya, ki ce nauyi ne. In ta daina dariya, ta zauna inda aka ajiye ta tana wani ƙaramin kuka kamar ɗan kyanwa, ki tambayi maƙwabta. Ɗaya za ta ce ta sha nonon ciki, ɗaya za ta ce kishin ƙanenta take yi tun bai zo ba, mijinki zai ce haƙori. Ciwon da ya sami suna uku ya kusa warkewa, wannan kowa ya sani.

2. Ki haifi ɗa mai farar riga

Wannan kam sai an shirya shi tun shekara ashirin da wani abu baya. In ba ki yi ba, ki ara na maƙwabciya.

Nawa Linus ne, autana. Yana aiki a ɗakin gwajin asibiti a cikin gari, inda ake duba jini da fitsari da abin da ba a faɗa ana cin abinci. Ya zo gaisuwa wata Asabar, ya ga yarinyar a tabarma, ko zama bai yi ba. Ya durƙusa ya danna babban yatsansa a bayan ƙafarta, ya ɗauke. Wurin ya lotsa, ya zauna a lotse kamar an danna tuwo.

"Mama, wannan ba ƙiba ba ce. Ruwa ne."

"Ruwan me? Ni na ce ta sha ruwa ta ƙafa?"

"Kwashoko ne. Ba ta samun furotin."

"A wane kanti ake sayar da shi?"

"Yana cikin akurkinki, Mama."

Ki kula, ɗan boko ba ya amsa tambaya kai tsaye. Kada ki ji haushi. Kuɗin makaranta ne yake fita a hankali.

3. Ki bari ya yi bayani, amma ki riƙe carbinki da kyau

Ni ban riƙe ba, shi ya sa ya zare shi daga hannuna.

Ya ce jikin mutum ɗakuna ne ƙanana-ƙanana, manne da juna kamar saƙar zuma, ido ba ya ganinsu sai da madubin gwaji. Sel ake kiransu. A cikin kowane ɗaki ana aiki ba hutu. Na ce ban da Lahadi dai. Ya ce har Lahadi. Na yi alamar gicciye, na ce ya ci gaba.

Abin da ake ƙerawa a ɗakunan, in ji shi, shi ne furotin. Tsoka furotin, gashi furotin, farce furotin, abin da ke sa jini ja, har abin da ke narka tuwo a ciki. Sai ya ɗaga carbina sama.

"Kamar wannan yake, Mama. Duwatsu a jere a zare ɗaya. Naki iri biyu ne, manya da ƙanana. Na jiki iri ashirin ne, amino sunansu. A jera su ta nan a sami gashi, a jera su ta can a sami na jini. In an gama jerawa sai zaren ya naɗe ya dunƙule, kamar yadda carbinki ke yi a jaka, sai dai shi kullum naɗi iri ɗaya yake yi."

"Duwatsun daga ina?"

"Daga abinci. Kin ci ƙwai, ciki ya tsinka carbin kaza, duwatsun su watse, jini ya kwashe su ya kai ɗakuna, kowane ɗaki ya jera nasa. Wasu duwatsun jiki yana iya sassaƙa su da kansa. Wasu ba ya iyawa, sai an ci. In iri ɗaya ya ƙare, mai jerawa ba ya tsallakewa. Tsayawa yake."

Nan na gane, don ni ke gyara wa matan coci carbinsu in ya tsinke. Carbinmu gida-gida ne, kowane gida dutse goma; gida mai dutse tara ba gida ba ne, ko Fada, limamin cocinmu, ya sa masa albarka.

"Wa ke jerawa?"

"Wasu 'yan tsabobi ne a cikin ɗakin. A hantar ɓera aka gano su, aka niƙa ta aka juya a inji."

"Wa ke gaya musu wanne ke bin wanne?"

Ya sosa kai. "Nan ne Turawa ke ta gardama har yanzu. Sun ce umarnin daga tsakiyar ɗakin yake fitowa, amma yadda ake karanta shi ba su sani ba tukuna."

Na ce ya gaya musu su zo ajin katikis, malamin cocinmu, ranar Laraba, an daɗe da amsa wannan. Ki tabbata ke kika yi magana ta ƙarshe. Uwar da ta bar ɗa da magana ta ƙarshe, gobe shi zai gaya mata yawan gishirin miya.

4. Ki je ɗakin gwajin da kanki, a ci mutuncin kununki a gabanki

Ki goya yarinya ku tafi. Wurin yana warin kananzir da wani abu mai shiga hanci. Ogan Linus, Mista Idowu, Bayarabe ne mai tabarau, kowa "kai" ne a bakinsa. "Mama, sannu da zuwa, zauna nan, kar ka taɓa komai." Kada ki taɓa ɗin. Amma ki duba sosai, ki ga ko suna wanke kwalabensu. Suna wankewa, ba laifi.

Za su ɗebi jini kaɗan. Ki kau da kai ki yi addu'a. Felicitas ko kuka ba ta yi ba, wannan ya fi allurar yi mini ciwo.

Sai a sa jinin a 'yar kwalba, a sa kwalbar a wani inji mai juyawa kamar mazari. In ya tsaya, ja ya kwanta ƙasa, wani ruwa mai ɗorawa-ɗorawa ya taso sama. A ɗiga wannan ruwan a kan wata doguwar takarda jiƙaƙƙiya, a jona mata lantarki, a bar ta ta kwana. Linus ya ce furotin iri-iri ne a cikin ruwan, lantarki sai ya sa su tsere a kan takarda, kowa da gudunsa. Washegari a tsoma takardar a shuni kamar a marina, a ga inda kowa ya tsaya.

Da muka koma suka ajiye mini takardu biyu a kan tebur. Ta farko ta wani lafiyayyen yaro ce, can ƙarshenta akwai zane mai kauri, shuɗi sosai. Ta biyu ta Felicitas. Zanen yana nan, amma kamar inuwar zane, kamar zanin da ya sha wanki.

"Albumin ke nan," in ji Linus. "Hanta ke jera shi. Shi ke riƙe ruwa a cikin jijiya. Hantarta ta rasa duwatsu, ta tsaya, ruwan ya zube ƙafa."

Na ce ƙarya ne, kununa ba ya barin yaro da yunwa, ni na raine shi da shi. Kada ki faɗi haka in da kunu a gorarki. Ni kuwa akwai shi a gorata. Mista Idowu ya jera kwalabe uku, ɗaya farin ƙwai, ɗaya madara, ɗaya kununa. Ya zuba wa kowace wani ruwa mai shuɗi-shuɗi, ya ce inda furotin yake launi zai juya. Ta ƙwai ta koma shunayya, irin rigar da Fada ke sawa lokacin azumi. Ta madara ma haka. Kununa ya ɗan motsa kaɗan kamar mai jin kunya, ya tsaya.

"Mama, kunu yana da, amma ruwa ya cinye shi," in ji Mista Idowu.

Ki ɗauki gorarki ki fita da mutuncinki. Kada ki gode masa da yawa.

Likita zai ba ki madarar gari, ya ce kaɗan-kaɗan, a ƙara da gyaɗa da wake da ƙwai. Madarar tana ƙarewa kafin layi ya sake zuwa kanki. Wake yana gudar mata da ciki. Ƙwai ne kawai ke zama, kuma Linus ya ce shi ne mai duwatsun a cike, tunda da shi ake gina ɗan tsako tun daga baki har farce.

5. Kada ki bar ɗan boko ya yi wa ubansa bayani

Na faɗa miki kada, don na ga abin da ya faru. Linus ya zo da takardun nan biyu, ya durƙusa, ya fara da "Baba, bincike ya nuna." Da Pam yana zaune da yarinyar a cinyarsa, yana kore mata ƙuda. Amaryata yake kiranta. Ya bar shi ya gama tsaf.

"Kai Linus. Da kana yaro ka ci ƙwai?"

"A'a, Baba."

"Ka taɓa sata?"

"A'a, Baba."

"To."

"Amma Baba, ai ba..."

"Yayanka Cletus yana cikin kuza har gwiwa kullum. Ya taɓa sa ko tsaba ɗaya a aljihu? Bai ci ƙwai ba. Ni na tsaya a bakin sito, na ga ɓarayi iri-iri, na san inda suke farawa. Yaro ya ɗanɗana ƙwai yau, gobe ya bi kaza akurki. Daga akurkin gida sai na maƙwabta. Daga nan sai gidan yari. Ku ba ta madararku, ku ba ta gyaɗarku. Amma amaryata ba za ta zama ɓarauniya ba ina raye."

Ya gyara mata zani a kafaɗa. Ba mugunta ba ce, 'yar'uwa, da mugunta ce da abin ya zo da sauƙi. Mugu ana iya zaginsa a coci.

Ƙwan kuma yana da mai shi. Akwai kukun wani Bature da ke zuwa a keke ya kwashe, ya kai wa 'ya'yan ogansa. Na tambayi Da Pam ko su ba sa zama ɓarayi. Ya ce in zauna in tuna wa ke kwashe kuzar ƙasar nan.

Na je bayan ɗaki na yi lissafi da Ubangijina. In dole sai an sami ɓarawo a gidan nan, gara tsohuwa wadda ta riga ta yi baftisma, ta kuma san hanyar ɗakin Fada.

6. Ki san kazarki, ki san waƙarki

Ɓarawon kirki ba ya fita da dare. Da dare mai gadi yake farke, aikinsa ke nan tun yana saurayi. Da hantsi kaza ke yin ƙwai, da hantsi kuma tsohon mai gadi ke gyangyaɗi a jikin dutse yana shan rana.

Matsalar ita ce kaza ba ta da sirri. Tana ajiyewa za ta fito tana shela kamar ta haifi magajin gari. Saboda haka da kin ga ta shiga akurki tana wani lumshe ido, ki ɗauki tsintsiya ki fara waƙar coci. Ki zaɓi mai tashi sama, irin ta Ista. Ki ɗaga murya daidai lokacin da ta ɗaga tata. Ki yi shara kina matsawa, ki sunkuya kamar za ki kwashe shara, ki miƙe.

Maƙwabta za su ce Ngo ta ƙara riƙon addini a tsufanta. Ki karɓa, ba kullum ake samun lada da ƙwai a sunkuye ɗaya ba.

Kada ki sa shi a ɗankwali. Kada ki sa a ƙirji, wata na iya rungume ki. Ki riƙe shi a hannu ɗaya da carbi, ba wanda ke cewa tsohuwa ta buɗe hannun da ke riƙe da carbi.

7. Ki ɓatar da gawa

Ki fasa a cikin kunu yana wuta, ki kaɗa da sauri. In mijinki ya leƙo ya ce me ya sa kunun ya yi ɗorawa, ki ce kabewa. In ba lokacin kabewa ba ne, ki ce manja. In ya ce a ba shi ya ɗanɗana, ki ce na mai ciwo ne, likita ya sa magani a ciki. Ba ƙarya kika yi ba.

Ki fara da rabi. Za ta ture cokali, za ta kau da kai, za ta tofa miki a fuska. Ki share ki sake. Yaron da ke da wannan ciwo ba ya son ci, kuma shi ne wanda in bai ci ba za ki goya shi zuwa inda ba a dawowa da goyo. Ki zauna da cokalin nan ko tuwon gida zai ƙone. Ya ƙone.

Ɓawon kuwa, ki daka shi ki tura ƙarƙashin shingen ƙerana. Ba mai gadin da ke bincike a cikin ƙaya mai makantar da ido.

8. Ki bar wa mai gadi rabonsa

Nan ne masu haɗama ke faɗuwa. In kin kwashe duka, zai ce kajin 'yan cin banza ne, ya ɗaure musu ƙafa ya kai kasuwa. Nawa ya riga ya nemo igiya sau ɗaya. Na ce ya yi haƙuri, sanyi ne, ko mutum ba ya haihuwa a sanyin Jos. Ya dube ni, ya dubi 'ya'yan da muka haifa a sanyin Jos, ya ajiye igiyar dai.

Ki ɗauki ɗaya ki bar ɗaya, kuku ya sami abin ɗauka. Sannan ki samar masa wanda zai zarga. Tunku yana da kyau, ba ya zuwa ya kare kansa. Maciji ma haka. Kare na gida kada ki sa shi, zai sha duka a banza. Mutum kuwa ko kusa. Ranar da ya fara kallon katangar maƙwabcinmu Shu'aibu yana gyaɗa kai, na rantse masa na ga wutsiyar tunku da idona. Na taɓa gani kuwa, ina budurwa.

Yanzu ya kafa tarko uku a bayan akurki. Ki san inda suke.

9. Ki kai wa Fada

Dole ne ki je ki furta zunubi, ba a cin Jikin Ubangiji a coci da ƙwai a wuya. Ki durƙusa ki faɗa a taƙaice. Namu Bature ne, Hausarsa tana tafiya da sanda.

"Ƙwan wane ne?"

"Na mijina, Fada."

"Wane ne ya sayi kaza?"

"Uwarsu ni na zo da ita, Fada."

"Wane ne yana ba su abinci?"

"Ni, Fada."

Na ji kamar yana tari, ko wani abu mai kama da tari. Sai ya ce satar ba ta dame shi ba, ƙaryar tunkun ce ta dame shi. Ya ce in je in gaya wa mijina gaskiya. Na ce Fada, a ba ni carbi goma a gwiwa a kan tsakuwa. Ya ce a'a, abin da ya faɗa ke nan. Na ce to, zan faɗa. Bai ce yaushe ba, ni ma ban tambaya ba. Kada ki tambayi Fada abin da bai faɗa ba, rashin ladabi ne.

10. In ta fara warkewa, ki bar wa maigida yabon

Da farko za ki tsorata, don za ta rame. Ruwan ne ke fita. Matan da suka yabi hannunki za su fara kallonki a kaikaice. Ki bar su. Ki duba idon sawu, ranar da kika ga ƙashinsa ya fito, ki shiga ɗaki ki rufe ƙofa ki gode wa Uwa Maryamu.

Daga nan sai baƙin gashi ya fara fitowa daga gindi, jan yana sama kamar tutar wata ƙasa. Wata rana tana zaune zakara ya zame a kan dutse, sai ta yi dariya. Na saki ludayi a cikin tukunya.

Linus ya sake ɗibar jini, ya kawo sabuwar takarda. Zanen nan ya yi kauri, ya yi shuɗi. Bai kai na lafiyayyen yaron ba, amma ya kama hanya. Ya ce hanta ta koma bakin aiki. Ya dube ni, na dubi rufin ɗaki.

Da Pam ya karɓi takardar a juye, ya duba, ya miƙa masa. "Ka gani? Ba ƙwai ko ɗaya. Na ce haƙori ne." Ya fita ya gaya wa Shu'aibu, ya gaya wa katikis, ya gaya wa kuku. Linus ya buɗe baki, na taka masa ƙafa. Namiji in ya ci gardama yana barci da kyau da hantsi, ke kuma barcin nan kike bukata.

11. Kada yarinya ta san sunan abin

Wannan shi ne babba, shi ya sa na ajiye shi ƙarshe. Muddin yana ɓoye cikin kunu, kina lafiya. Amma ranar da cinta ya buɗe za ki ji daɗi, za ki ce bari in dafa mata guda ta riƙe a hannu. Za ta ɓare da kanta, gwaiduwa har hanci. Za ta ɗaga ta ce, "Me?" Ke kuma, da bakinki, za ki faɗa mata.

Daga ranar, kaza na kyarkyara sai ta tafa hannu. Kina fara waƙar Ista sai ta kama zaninki ta bi ki akurki. Mai gadi ya faɗa tun farko cewa haka za a yi, ni dai na ce tafiya ce take koya.

Yanzu ki saurara. Duk abin da ke sama ban ce kowa ta yi ba. In an kama ki da ƙwai a hannun carbi, ba ki san ni ba, ban san ki ba, ko a coci kada ki zauna kusa da ni. In tarko ya kama yatsarki, tsakaninki da tunku. In jikarki ta girma ta shiga akurkin mutane, ki nemi Linus a ɗakin gwaji, shi ya ce furotin, ni carbi kawai na sani. Alkawarin da na yi miki a kan yarinya yana nan, ban taɓa shi ba. Na bencin gaba ma yana nan. Na cewa mijinki ba zai sani ba kuwa, ki ɗan dakata da shi tukuna, saboda abin da nake gani ta ƙofa.

Da Pam yana zaune a kan dutsensa da ƙwarya, yana jiran kuku. Yana ɗaga ƙwan ɗaya-ɗaya yana dubawa a rana. Felicitas ta saki bakin ƙofa. Ta ratsa tsakar gida da ƙafarta, ba wanda ya riƙe ta, ta wuce turmi, ta wuce kare, ta je ta dafa gwiwarsa.

"A'a! Amarya! Yau da kanki? Me aka kawo wa miji?"

Ba ta kawo komai ba. Hannu ta buɗe masa. Ya dubi hannun, ya dubi abin da ke nasa hannun. Ya sauke ido kan 'yan ƙafafun nan masu ƙashi a idon sawu, ya daɗe a wurin. Yanzu ya ɗago, ni yake kallo. Na kai tsakiyar addu'ar A gaishe ki Maryamu, na manta sauran.

Ta girgiza masa gwiwa.

"Kaka, ƙwai. Ba ni."